Saki Ba Ya Raba Ɗa Da Mahaifansa Ranar Salla

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, Salla ta ƙarato, ko'ina ana ɗinki da shirin tuwo. Amma akwai yaran da ranar takan zame musu ranar kuka, watau waɗanda auren iyayensu ya mutu. Uba ya ce ba zai ɗinka ba sai an maido masa ɗansa, uwa kuwa ta rantse yaron ba zai taka ƙofar gidansa ba. To, mene ne hukunci?

A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, reno haƙƙin uwa ne bayan saki, har namiji ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. In uwar ta auri wani, renon ya koma hannun mahaifiyarta. Amma ci da tufafi suna wuyan uba, kamar yadda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta nuna, ta kuma hana a cuci uwa ko uba saboda ɗansu. Saboda haka kayan Salla ba alfarma ba ne, balle a yi ciniki da su. Zakkar fid da kai ma uba ne zai fitar wa yaron, mudu 4 na Annabi (S.A.W.), ko da ba gida ɗaya suke kwana ba.

Ita kuma uwa ta sani, tarbiyya da karatun yaro suna hannun ubansa, ba ta da ikon katange shi.

Mu dubi abin da Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa. Sayyidina Umar ya rabu da uwar ɗansa Asimu. Wata rana ya iske yaron yana wasa a Ƙuba, ya ɗauke shi bisa dabbarsa. Kakar yaron ta biyo shi, suka kai ƙara gaban Halifa Abubakar, ya hukunta a bar mata shi. Umar, duk da kwarjininsa, bai yi musu ba. Wane ne mu?

Ga shawara. Uba ya aika da kayan Salla tun da sauran kwana. Da safe ya tafi da yaron filin Idi, ya kai shi gaida kakanni da gwaggwanni, kafin magariba ya maida shi wurin uwarsa. In garuruwan da nisa, a raba: Ƙaramar Salla nan, Babba can. In magana ba ta yiwuwa, a sa wani dattijo tsakani. Kada kuwa ɗayansu ya zagi ɗaya a kunnen yaro, domin koya masa saɓa wa mahaifi ke nan, da yanke zumunci.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu ga Salla lafiya, amin.