DARASI: Idan Ƙasa Biyu Ba Sa Ga-Maciji, Ina Mai Shanu Zai Kai Ƙara?

Darasinmu na wannan fitowa a kan shari'ar tsallaken iyaka ne. Mutum ya karɓi shanunka bashi a kara, ko ɓarawo ya kora su, ya haye wata ƙasa. To, yaya ke nan?

Da farko mu sani, ikon alƙali a bakin iyaka yake tsayawa. Sammacin kotun Tamale, da ya wuce Paga ya zama takarda kawai. In ana son shaida ko kama mutum a can, sai gwamnati ta roƙi gwamnati. A nan Gana dokar da ta tsara roƙon shaida ita ce ta 807 ta shekarar 2010, kuma ta ofishin Atoni-Janar a Ankara roƙon yake bi. Ƙasashen ECOWAS ma sun sa hannu kan taimakon juna a shari'ar laifi a Dakar, 1992, da kan miƙa mai laifi a Abuja, 1994. Amma a lura, duk wannan maganar laifi ce, kamar sata da zamba. Bashi kuwa naka ne kai kaɗai, sai ka ɗauki lauya ka shigar da ƙara a inda mutumin yake.

To idan ƙasashen sun ɓata, an rufe ofishin jakada fa? Mun ga misali, kuma a kan kiwo abin ya taso. A watan Afrilu 1989 rikici ya tashi tsakanin makiyaya da manoma a Diawara, bakin kogin Sanagal. Kafin ƙarshen Agusta Sanagal da Muritaniya sun yanke hulɗa, ba a maido ta ba sai Afrilu 1992. Fulani da yawa da aka koro daga Muritaniya sun bar garkensu a tsallaken kogi, ga iyaka a rufe, ga babu jakadan da zai ɗauki takarda.

Duk da haka ba a rasa ƙofa. Yarjejeniyar Biyana ta 1961 ta yarda ƙasa ta ba wata ƙasa ta uku amanar mutanenta, kamar yadda Suwizalan ta karɓi amanar Amurka a Iran a 1980. Sannan akwai hanyar 'yan sandan duniya, Intafol, inda ɗan sanda ke yi wa ɗan sanda magana ba sai ta hannun jakada ba. Sai dai hanyoyi ne masu nisa. Kafin takarda ta je ta dawo, an yanka sa, an ci, har fatar ta zama takalmi.

Kada kuma mu haɗa abu biyu. Burkina Faso da Mali da Nijar sun fita daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu 2025, amma fita ƙungiya daban, yanke hulɗar jakadanci daban. A watan nan ɗin Shugaba Mahama ya naɗa manzo na musamman zuwa ƙasashen uku. Sai dai mai hankali ba ya jingina dukiyarsa da zaman lafiyar gwamnatoci, don yau fari gobe tsumma.

Saboda haka ga abin yi tun shanu ba su bar turke ba:

1. A rubuta bashi, da ranar biya, da shaidu biyu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan wannan ta sauka. Ba rashin yarda ba ne, bin umarni ne.

2. Kada ka ba baƙo shanu sai maigidansa ya tsaya masa. A Pouytenga ne ko Kumasi ko Ashaiman, maigida ba ya gudu, don gidansa da sunansa suna nan.

3. Ka riƙe takardar likitan dabbobi da rasit na kara. Ka ɗauki hoton kowace dabba da waya, a ga shaidarta da ƙahonta.

4. In sata ce, ka sanar da 'yan sanda a ranar, ka karɓi takardar rahoto, ka aika wa shugabannin kara na can da Sarkin Zango. Sau da yawa su ke tare shanu tun hukuma ba ta motsa ba.

5. Kada ka tsallaka da samari ka ce za ka ƙwato da ƙarfi. A can kai ne baƙo, kai za a ɗaure.

Rigakafi ya fi magani. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya sa albarka a fataucinmu, amin.

Sabonjida, Tamale.