Shawarwari 11 Ga Gidan Da Ɗansu Zai Ratsa Hamadar Arewacin Nijar

Jihar Agadas ita kaɗai ta cinye fiye da rabin ƙasar Nijar, amma a ƙidayar 2012 mutanen cikinta ba su kai rabin miliyan ba. Matafiyi kan wuni ya kwana a mota bai ga ruga ba, bai ga rijiya ba, bai ga ko bishiyar da zai raɓa ba. Duk da haka hanyar ba ta taɓa mutuwa ba. Tun kaka da kakanni ayarin Abzinawa ke kai gero Fachi da Bilma, su dawo da kantun gishiri da dabino har kasuwannin ƙasar Hausa. Yau kuma samarinmu ne ke bin ta, wasu haƙar zinariya, wasu ci-rani a Aljeriya da Libiya, wasu fatauci, wasu kuma buɗe ido a Agadas da duwatsun Abzin.

Hamada ba ta duba jarumtar mutum, shirinsa take dubawa. Shirin nan kuwa ba na matafiyi kaɗai ba ne, na gidan ne gaba ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ga abin da ya kamata a tsaya a kai tun da sauran lokaci.

1. A zauna a yi shawara kafin a ɗaure kaya

Maigida da uwargida su zaunar da mai tafiyar su tambaye shi: ina za ka, me za ka yi a can, wa ka sani, da wace mota, kuma yaushe za ka dawo? Wanda ya kasa amsa waɗannan bai shirya ba tukuna. A kuma duba wanda jikinsa zai ɗauka. Mace mai ciki, mai shayarwa, ƙananan yara, tsofaffi da masu ciwon sukari ko ƙoda, bai kamata su wuce inda kwalta ta ƙare ba sai da larura mai ƙarfi. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da yara, kuma da yawa daga yankin Kance na jihar Damagaram suka fito. 'Yan'uwanmu ne, Hausa suke ji. Duk gidan da zai saki ɗansa ya tuna da su.

2. A zaɓi lokaci

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne tafiyar ta fi sauƙi, shi ya sa ayarin gishiri ma sai zafi ya karye suke tashi. Daga Afrilu zuwa Yuni zafin Agadas da Bilma kan haura digiri 40, ruwan da zai isa mutum kwana uku a hunturu ba zai kai shi biyu ba. Hunturun ma da nasa: dare kan yi sanyi har kusa da daskarewar ruwa, ga hazo da ke rufe hanya. Da damina kuwa a kiyayi kwana a cikin korama a yankin Abzin, domin ruwa kan sauka a kan dutse can nesa, ya taho da ƙarfi ya tarar da mutum yana barci.

3. Jagora da direba su ne rabin tafiyar

Daga Damagaram zuwa Agadas, ta Tanut, kimanin kilomita 450 ne, kuma motocin safa na bi. Amma daga Agadas zuwa Dirku da Bilma, fiye da kilomita 500, babu kwalta, sai sawun taya da iska kan shafe cikin dare ɗaya. Alamomin hanya ƙalilan ne. Bishiyar nan ta Tenere da ayari suka daɗe suna saiti da ita, babbar mota ta kaɓe ta a 1973, yanzu gangarta na gidan tarihi na Yamai, ƙarfe aka kafa a gurbinta. A irin wannan fili Buzu ko Batube da ya tashi a wurin, wanda ya san taurari da kwanciyar rairayi, ya fi kowace taswirar waya.

A bincika direba a tasha kafin a biya shi. Wa ya san shi? Sau nawa ya bi hanyar? Kada a yarda da mota ɗaya tilo, a bi ayarin motoci, musamman wanda jami'an tsaro ke rakawa. A leƙa motar da ido: tayoyin safaya biyu, famfon iska, shebur, farantan ƙarfe na fid da taya daga rairayi, da jarkokin mai. Duk direban da ya ce zai bi ta bayan gari don kauce wa shingen jami'ai, a bar masa motarsa. Barin hanyar da aka sani shi ke sa a ɓace inda ba mai zuwa nema, ga 'yan fashi, ga kuma nakiyoyin da rikicin baya ya bari a wasu wurare.

4. Ruwa, ruwa, sannan ruwa

Nan ne bai kamata a yi tsimi ba. A lissafa wa kowane mutum aƙalla lita 6 a yini, da zafi kuwa lita 10. Sannan a ninka kwanakin: tafiyar da direba ya ce kwana uku ce, a ɗauki ruwan kwana shida. Kada a dogara da ruwan mota ko da rijiyar da aka ce tana gaba, domin rijiya kan ƙafe, rairayi kan binne ta, wata kuma ruwanta kanwa ne.

A kasuwar Agadas za a ga jarkoki an ɗinke su cikin buhun algarara, kowace da sunan mai ita a jiki. Dabara ce mai kyau: buhun na kare roba daga rana da fashewa, in an yayyafa masa ruwa kuma iska ta buga, na ciki ya yi sanyi kamar na salka. A raba ruwan gida biyu, don in jarka ɗaya ta tsage kada a rasa duka. Ƙaramar gora kuma ta zauna a jiki ko da yaushe, saboda babbar jarka a gefen mota ake ɗaure ta, ba a isa gare ta sai an tsaya.

A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan a kai a kai, kada a jira sai maƙogwaro ya bushe. Fitsari shi ne ma'auni: in ya yi ja ya ragu, jiki na neman ruwa. Ruwan rijiya a tafasa shi ko a jefa masa ƙwayar tsarkake ruwa irin Aquatabs, domin gudawa a hamada ta fi ƙishirwa saurin kayar da mutum. Ruwan lagireto kuwa guba ne, ko an matsu kada a sha.

5. Guzuri mai ƙarfi, marar sa ƙishirwa

A nan uwargida ke da aiki. Dabino, gumba, garin rogo, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, sukari da madarar gari ba sa lalacewa, ba sa kuma bukatar wuta. Buzaye kan daka gero da dabino da cuku su dama da ruwa, kofi ɗaya ya riƙe mutum wuni. Kilishi da yaji da kifin gwangwani a rage su, suna jan ruwa. A ƙulla guzurin ƙunshi-ƙunshi na kowace rana, a ware na kwana biyu da ba za a taɓa ba sai in an shiga matsi.

6. Suturar rana da ta dare

Buzu bai naɗa rawani don ado kaɗai ba. Yadi mai tsawo da zai rufe kai da wuya da hanci yana tare rana da ƙura, yana kuma rage bushewar baki. A sa riga mai faɗi mai dogon hannu ta auduga, kada a tuɓe don zafi, domin fatar da ke buɗe ta fi saurin zubar da ruwan jiki. A haɗa da tabarau, rigar sanyi, safa da bargo. Man kaɗanya na maganin tsagewar leɓe da faso. Jaka ɗaya ta goyo ta isa, wadda mutum zai iya saɓawa ya yi tafiya da ita. Wanda zai zauna a bayan Hilux, ƙafafu a waje yana riƙe da sandar da aka kafa, ya ɗaure jakarsa a jiki kuma ya yi yaƙi da gyangyaɗi, faɗowa da dare ba ƙaramin haɗari ba ne.

7. Ƙaramin akwatin magani

A tanadi sinadarin gishiri da sukari na ORS, farasitamol, bandeji, maganin wanke ciwo, maganin ɗigawa a ido da na zazzaɓin cizon sauro. In ORS ya ƙare, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Mai shan magani kullum ya ɗauki na ninkin kwanakinsa. A yi rigakafin sanƙarau da na shawara tun a gida, a riƙe katin.

Duk wanda aka ga ya fara sambatu, jikinsa ya yi zafi rau, yana tangaɗi, zafin rana ne ya buge shi. A kai shi inuwa, a jiƙa tufafinsa, a yi masa fifita, in yana iya haɗiya a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Da safe a kakkaɓe takalmi da bargo saboda kunama, da dare kuma kada a taka ƙasa ba tocila. In maciji ya sari mutum, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A hana gaɓar motsi, a nufi asibiti mafi kusa.

8. Takardu da kuɗi

Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, saboda haka ɗan Najeriya ko Gana ya tambayi hukumar shige da fice takardun da ake nema kafin ya tashi, kada ya dogara da labarin wanda ya je shekarun baya. A ɗauki hoton fasfo da katin shaida a bar kwafi a gida. Kuɗi a canza su zuwa sefa, a rarraba a wurare biyu ko uku a jiki, sauran a riƙa turowa ta kamfanonin aika kuɗi irin Nita da Al Izza. A kuma koyi lissafin kasuwa, domin da dala ake ƙirga: in an ce ashirin, sefa 100 ke nan, ɗari kuwa 500, jikka 1,000. Abu na ƙarshe, kada a karɓi saƙon da ba a buɗe an gani ba, ko na wane ne. Ƙwaya da makami na bin wannan hanya, kuma wanda aka kama da kaya a hannu shi ne mai su.

9. Takardar da za ta zauna a gida

Wannan ita ce shawarar da aka fi mantawa, alhali ita ke ceton rai. Kafin a fita daga inda sabis yake, matafiyi ya aiko wa gida sunan direba, lambar mota da launinta, hanyar da za a bi, ranar tashi da ranar da ake sa ran isa, da lambar wani amintacce a tasha. A rubuta a takarda, a damƙa wa mutum ɗaya tsayayye. A yi alkawari: in kwana ɗaya ya wuce ba a ji ɗuriyarsa ba, za a kira tasha, a kuma sanar da jandarmomi. Kada a zauna ana cewa wataƙila caji ne ya ƙare. A tambaya ko akwai wayar tauraron ɗan'adam, wadda aka fi sani da Thuraya, a cikin ayarin, sannan a riƙe abin cajin waya mai aiki da hasken rana.

10. Idan mota ta lalace

A zauna kusa da motar. Mai nema ya fi saurin hango mota a kan mutum ɗaya da ke tafe a rairayi, kuma a nan inuwa da ruwa suke. A ɗaura bargo a jikinta a yi rumfa, a kwanta da rana, a rage magana da motsi. Gyara da duk wani aikin ƙarfi a bari sai sanyin safiya ko yamma. A tattara ruwan kowa a hannun mutum ɗaya mai adalci, yara da marasa lafiya su fara sha. Madubin mota na haska wa na nesa, hayaƙin tsohuwar taya kuma ana ganinsa daga wuri mai nisa. In dole sai an je neman agaji, jagora da mutum ɗaya mai ƙarfi su tafi da dare, sauran kada su watse.

11. Ladabin hanya da ibada

Rijiya a hamada tana da masu ita da kuma layi. A yi sallama, a nemi izini, a jira dabbobin makiyaya su sha, kada a yi wanka ko wanki da sabulu a bakinta. In an miƙo shayi a karɓa a zauna, a wurin shan shayin ake jin labarin hanyar gaba. Kada a ɗauki hoton mutane sai da yardarsu, na sojoji da shingensu kuwa a bar shi sam. Addini ya sauƙaƙa wa matafiyi: akwai taimama, akwai ƙasaru, akwai ajiye azumi a rama daga baya. Ruwan sha ya zauna na sha. Kafin fita kuma a biya bashi ko a rubuta shi, a bar wa iyali abin cefane, a nemi albarkar iyaye.

Iyaye da matan aure da yayye, kada kunya ko gudun ɓacin rai su hana ku yin tambaya. Wanda ya zo sallama bai san direbansa ba, bai lissafa ruwansa ba, bai bar muku takardar hanyarsa ba, ku roƙe shi ya dakata har shiri ya cika. Jinkirin mako guda bai taɓa hana arziki ba. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya.