DARASI: YADDA NA GANO SHEKARUN KAKAN MAHAIFINA



A gidanmu mun tashi muna jin cewa kakan mahaifina ya yi yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a hannun Turawa ranar 27 ga Yuli, 1903. Ni kaina na sha faɗin haka cikin alfahari.

Kwanaki na zauna da 'yarsa, wato gwaggon mahaifina, wadda ta haura tamanin. Na ce, "Gwaggo, yaushe aka haifi Malam?" Ta ce, "Ɗan nan, wa ke rubuta haihuwa a lokacin? Amma ya ce mana ko azumi bai fara ba jirgin ƙasa ya iso Kano, kuma shekarar marisuwa ya yi auren fari."

To, mu yi lissafi. Jirgi ya iso Kano a 1911. Marisuwa, annobar murar da ta game duniya, a 1918 ne. Wanda bai balaga ba a 1911, a ranar Burmi bai wuce shekara shida ba. Ke nan Malam bai ja baka ba. Da na matsa da tambaya, Gwaggo ta tuna cewa mahaifinsa ne ya bi hijirar bai dawo ba, yayansa kuma ya wuce gabas cikin jama'ar Muhammadu Bello Mai Wurno, waɗanda suka zauna a bakin Kogin Nilu a Sudan.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce. Da Shekarar Giwa aka san haihuwar Manzon Allah (SAW). Malaman hadisi ma da shekarar haihuwa da ta rasuwa suke kama mai ruwayar ƙarya.

Wasu a dangi ba su ji daɗi ba, wai na rage darajar gida. Wallahi ƙarya ba ta ƙara wa mamaci komai. Abin da ya fi damuna shi ne, mai yiwuwa muna da jini a Sudan, ƙasar da ke cikin yaƙi tun Afrilun 2023, ba mu taɓa neman su ba. Alhali Shari'a ta kwaɗaitar da sanin nasaba ne domin sada zumunci.

Don haka ka je wurin tsohon gidanku tun yana raye. Kada ka tambaye shi shekara, tambaye shi me ya faru a gari, ka rubuta, sannan ka auna da tarihi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kawo wa Sudan zaman lafiya.