Kafin Ka Raba Kicin da Baƙi a Ingila

Ɗan'uwa, idan karatu ya kai ka Ingila, da wuya aljihunka ya ɗauki hayar gida kai kaɗai. Ɗaki za ka samu, kicin da banɗaki kuwa na kowa ne. Kuskurenmu shi ne ɗaukar zaman kamar na gidan gandu, inda kowa ya san halin kowa. A can, ɗan ƙaramin abu ke jawo gaba, kuma ba lallai a gaya maka ba.

Tun makon farko, ku zauna ku raba shara, fitar da bola da kuɗin wuta, ku rubuta.

Idan za ka soya manja ko ka kaɗa miyar daddawa, buɗe taga, ka kunna fankar kicin. Na'urar gano hayaƙi ba ta da kara. Nan da nan za ta tayar da gida.

Bayan alwala, goge ƙasa, ka ajiye butarka a gefe. Ƙararrawar asuba da hirar waya da mutanen gida, sassauta su.

Za ka iya tarar da naman alade ko giya a firiji. Kada ka ɗaure fuska. Nemi sashenka, ka ware tukwanenka, ka yi bayani cikin ladabi.

Ranar da ka tare, ɗauki hoton ɗakin lungu-lungu, don kare kuɗin ajiyar da ka ba mai gida. A yawancin haya, doka ta wajabta wa mai gida sanya kuɗin ajiyarka ƙarƙashin tsarin kariya cikin kwana 30, don haka karɓi shaida.

Zo mu zauna, zo mu saɓa. In an saɓa, yi magana da wuri.