Yadda A Ke Tura Ƙananan Abubuwa Da Haske

Kowa ya san iska tana tura abu, ruwa ma haka. To, haske fa? Shi ma yana turawa, sai dai ƙarfinsa ƙanƙane ne ƙwarai. Hasken rana da ke sauka bisa gona mai eka ɗaya da tsakar rana, dannawar da ya ke yi mata ba ta kai nauyin giram 3 ba, watau kamar 'yan ƙwayoyin gyaɗa. Shi ya sa ba mu jinta a jikinmu.

Asalin Wannan Ilmi

A shekarar 1619 Johannes Kepler, masanin taurari na Jamus, ya ce hasken rana ne ke tura wutsiyar tauraro mai wutsiya, gama kullum ba ta fuskantar rana. A 1873 James Clerk Maxwell ya tabbatar da turawar haske ta hanyar lissafi, kāna wajen 1900 Pyotr Lebedev na Rasha ya auna ta.

Da aka ƙago leza a 1960, watau fitila mai tara haske wuri guda da ƙarfi, sai aiki ya samu. Arthur Ashkin na Amurka ya tura ƙananan ƙwayoyi cikin ruwa da ita a 1970. A 1986 ya riƙe ƙwaya cak da haske kamar da hantsaki, a 1987 kuwa ya kama ƙwayoyin cuta da ransu bai kashe su ba. Saboda wannan aka ba shi lambar Nobel a 2018, yana da shekara 96.

Wahalar Busasshen Wuri

Cikin ruwa abu yana yawo sakaka, ƙaramin ƙarfi ya ishe shi. Bisa gilashi busasshe kuwa ba haka ba ne. Dubi garin da ya saura a ƙwarya: ko ka kife ta, ba ya zuba duka. Dalili shi ne, duk abu biyu da suka haɗu ƙut da ƙut suna jan juna. Da irin wannan ja ne tsaka ke hawa bango. In aka rage girman ƙwaya sau 10, nauyinta ya kan ragu sau 1,000, amma mannewarta ba ta raguwa sai kamar sau 10. Saboda haka ƙanƙanen abu ya kan lizimci wurinsa da ƙarfin da ya fi turawar haske nesa ba kusa ba.

Dabaru Biyu

Ta fari, masana na Jami'ar Texas a Austin suka bayyana ta a 2019. A kan shafa wani abu dangin sabulu siriri bisa gilashi, a ɗora ƙwayar zinariya ko ta silikon a kai. In leza ta haska ƙwayar sai ta yi zafi, abin da ke ƙarƙashinta ya yi laushi kamar man kaɗanya a rana, haske ya ingiza ta gaba. Da an kashe fitila sai shafin ya daskare, ƙwayar ta tsaya daram inda aka kai ta.

Ta biyu, masana a Hangzhou ta ƙasar Sin suka nuna ta, ita ma a 2019. Suka ɗora ɗan fallen zinariya bisa zaren gilashi wanda gashi ya fi shi kauri, suka riƙa aika haske cikin zaren a ƙyafce, bi da bi. Kowane ƙyaftawa fallen ya kumbura don zafi, sa'an nan ya tsuke, da haka ya riƙa rarrafe yana kewaya zaren. A nan zafin haske ne ya yi aikin.

Amfaninsa

Kayan cikin kwamfuta da na gwajin asibiti kullum ƙara ƙanƙancewa su ke yi, har sun wuce abin da hantsakin ƙarfe zai ɗauka bai ɓata ba. Haske ba ya barin datti, ana kuwa iya saita shi daidai. Amma sai da lura: zafi in ya yi yawa ya kan narkar da abin da a ke son turawa.

Tambayoyi

1. Don me gari ba ya zuba duka daga kifaffiyar ƙwarya?
2. Me ke tsai da ƙwayar zinariya bayan an kashe leza?
3. Ina bambancin dabara ta fari da ta biyu?