HAZON HUNTURU: A KULA DA YARA

Jama'ar Sakkwato, a saurara!

Daga watan Nuwamba zuwa Maris iska kan kwaso ƙura daga Bodele, wani busasshen tafki a arewacin Chadi, ta zubo mana. Wadda kuke kakkaɓewa daga tabarma ba ita ce abin tsoro ba. Mai laushin nan, wadda ido ba ya gani, ita ke wuce hanci ta shige huhu, ta tayar da tari da asma. Ga kuma hayaƙin kabu-kabu da na ƙona shara.

Ƙura da busasshiyar iska suna tsattsaga cikin hanci da maƙogwaro, nan ƙwayar sanƙarau ke samun ƙofa. Kun dai tuna ɓarnar da ta yi mana a 1996 da 2017.

To, uwargida, yayyafa ruwa kafin ki yi shara. Ran da hazo ya rufe rana, kada a fita da jariri. Mai asma ya sa takunkumi. Kada a cunkushe a ɗaki guda a toshe taga wai don sanyi, balle da kaskon gawayi.

In yaro ya yi zazzaɓi da ciwon kai, wuyansa ya sandare, ko maɗigar jariri ta kumbura, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A kawo shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Ma'aikatar Lafiya, Jihar Sakkwato