Yadda Ake Rage Zafin Shagon Ɗinki a Bazarar Sokode da Dapaong

A arewacin Togo zafi yana kai maƙura ne tsakanin ƙarshen Fabrairu da Afrilu, bayan hunturu ya janye kuma kafin damina ta kankama. A Dapaong, hedikwatar yankin Savanes da ke kusa da iyakar Burkina Faso, ma'aunin zafi kan kai digiri 40 da rana tsaka, yayin da Sokode, babban garin yankin Tsakiya, ke ɗan samun sassauci saboda ruwa kan riga sauka a can. A shekarun 2024 da 2025 mafi yawan azumin Ramadan ya faɗo cikin Maris, ta yadda ɗinkin sallah, wanda ke sa teloli kwana a kan keke, ya zo daidai da tsakiyar bazara. Da yawa kan fara da sayen fanka, alhali fanka ba ta sanyaya ɗaki, iskar da ta tarar take kaɗawa, don haka aikin da ya kamata ya gabata shi ne hana zafin shiga da rage wanda ake haifarwa a ciki.

Matakin farko, wanda kuma ya fi sauran tasiri, shi ne rufi. Garuruwan biyu suna tsakanin digiri 9 da 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka a watan Afrilu rana kan tsaya kusan daidai ka, kuma kwanon rufi, musamman wanda ya yi tsatsa, yana shanye zafinta ya sauke shi a kan mai ɗinki kamar murfin tukunya. Ana wanke kwanon a bar shi ya bushe, sannan a shafa masa farin fenti sau biyu da sassafe kafin ya ɗau zafi, domin farin launi yana mayar da mafi yawan hasken rana. Farar ƙasa ta fi araha, amma ruwan farko zai wanke ta. Bayan haka sai a yi silin, wato rufi na biyu daga ciki, da falankin katako ko da zana, a bar tazarar da ba ta gaza santimita 30 ba tsakaninsa da kwano, a kuma buɗe kafofi a ɓangarori biyu na wannan tazara, a toshe su da raga saboda ɓera da jemage. Silin da ba shi da kafofin nan yana tara iska mai zafi ne ya riƙa sakinta har dare. Telan da ke haya kuma bai samu yardar mai shago ba yana iya shimfiɗa zana a saman kwanon ya danne ta da duwatsu, da sharaɗin ya sauke ta kafin iskar farkon damina.

Na biyu shi ne bangon yamma da ƙofa. Babban titin da ya taso daga Lome ya ratsa garuruwan biyu zuwa Cinkassé ya miƙe ne daga kudu zuwa arewa, don haka shagunan da ke bakinsa galibi gabas ko yamma suke kallo, kuma mai kallon yamma shi ke shan ranar la'asar. Rumfar zana ko asabari da aka rataya daga waje ta fi labulen ciki, tun da tana tare rana kafin ta taɓa bango.

Sai kuma zafin da aikin kansa ke haifarwa, wanda aka fi mantawa da shi. Dutsen guga na lantarki yana cin wat 1,000 ko fiye, kuma dukkan wannan wuta zafi take komawa, alhali jikin mutum a zaune wajen wat 100 kawai yake fitarwa. Ke nan dutse ɗaya a kunne ya kai zafin mutum goma. Saboda haka ake fitar da teburin guga zuwa rumfa, a tara kayan a goge su gaba ɗaya bayan asuba ko bayan magariba. Dutsen gawayi kuwa ba shi da gurbi a cikin rufaffen shago ko kaɗan, domin bayan zafi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. Ana musanya tsohon ƙwan lantarki mai jan waya da nau'in LED, sannan a kashe motar babban keken lantarki idan ba a ɗinki, domin tsohuwar ƙirarta tana juyawa ko da ƙafa ba ta kan feda.

A nan ne fanka ke da amfani. Iska ba ta ratsa ɗaki mai ƙofa ɗaya, don haka ake fasa taga a bangon da ke fuskantar ƙofar, can sama kusa da silin, inda iska mai zafi ke taruwa, a sa mata ƙarafa domin a bar ta buɗe da dare bangon ya huce. Fankar ƙasa mai caji ta fi ta sama dacewa da tela, saboda tana aiki idan an ɗauke wuta, kuma ana iya karkatar da ita ga jikin mutum ba tare da ta watsa yadin da aka shimfiɗa a teburin yanka ba. Idan zafin iskar ya haura na fata, wato wajen digiri 35, sai an jiƙa wuya da hannuwa kafin ta yi wani tasiri.

Ruwa shi ne matakin da ya bambanta garuruwan biyu. Idan ruwa ya bi iska yana tafiya da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya abin da ke cikinta, amma hakan na buƙatar busasshiyar iska. A Dapaong cikin Maris jiƙaƙƙen buhun algarara da aka rataya a tagar da iska ke shigowa yana sanyaya shago sosai, yayin da a Sokode amfaninsa ke raguwa da zarar hadari ya fara haɗuwa, iska ta yi nauyi da danshi. A ko'ina dai ana nisanta shi da shadda, wadda ɗigon ruwa ke ɓata ƙyallinta, ana kuma goge keken da mai kowace yamma saboda danshin kan jawo tsatsa a allura da koshiya.